Rabon Mas'uda Yana Rumbu

Kwandiko, Gwaram
8 ga Janairu, 2025

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Anti Nasiha da yara, da harkar shago. Mu nan lafiya lau, sai 'yata Sharifa da ta yi mura, ta kuma warke. Babanta yana gaishe ka, amma bai san abin da ke cikin takardar nan ba.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun Dogara direba a zamanin waya. Na toshe lambarka ne tun ranar Lahadi. Na san halinka, da na ɗaga za ka ja ni da wasan taubasai, ka tuna mini cewa kakata ƙanwar kakanka ce, har in manta abin da ya ɓata mini rai. A takarda ba mai katse ni.

Bari in tuna maka daga farko, tunda na ga mantuwa ta fara kama ka. Kai ka zo mana da labarin dandalin nan na intanet, inda mutum zai yi rubutu, masu karatu su jefa masa ƙuri'a, bayan kwana bakwai a biya shi da sulallan kirifto. Ka ce mu haɗu, 'yan Birnin Kudu da 'yan Gwaram, mu riƙa jefa wa juna ƙuri'a, ka sa wa ƙungiyar suna Gayya. Ni na jawo maka mata huɗu daga garin nan, har da Barira da Zahara'u. Kuma saboda mu nan sai an hau tudun bayan makarantar da nake koyarwa ake samun sabis, na damƙa maka makullin asusuna, na ce ka riƙa ɗora mini rubutu.

Watan jiya na yi yini uku a tsakar gidan Inna Kulu, ina naɗar muryarta tana bayanin yadda ake adana hatsi da iri. Yadda ake shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a gindin rumbu da tsakanin dami da dami, da yadda ake binne wake a toka cikin tulu, ƙwaro ba ya kusanta har damina. Ni na ɗauki hotuna, ni na zauna na tsara maganar, ni na hau tudu da rana tsaka na turo maka. Sai na ga aikina ya fito a asusunka, da sunanka a sama.

Na haƙura da wannan. Sai Allah ya kawo ɗaya daga manyan nan da muke kira giwaye, masu ƙuri'a mai nauyi, ya jefa wa rubutun tasa. Kai ma ka faɗa da bakinka cewa ladan ya fi duk abin da Gayya ta samu a shekara.

To ga inda ka ƙure ni. Dandalin yana biya kashi biyu, kuma kai ka raɗa musu suna. Akwai aljihu, wanda za a canza zuwa naira yau a ci. Akwai rumbu, wanda ke kulle, amfaninsa kawai ya ƙara wa ƙuri'ar mutum nauyi. Ka ɗauki rabin aljihu, ka raba sauran ga waɗanda suka jefa ƙuri'a a awa ta farko, ni kuma ka juye mini rumbun. Su wa suka jefa a awa ta farko? 'Yan Birnin Kudu, masu sabis har cikin ɗaki. Matan nan namu kafin su gama aikin gida su hau tudu, awarka ta wuce.

Wato ni da na yi aikin, abin da na samu lamba ce a fuskar waya. Ko kati ban saya da ita ba. Raina ya ɓaci, Yaya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka mayar da sunana kan aikina, ka sake rabon nan, kafin in yi maganar a inda ba za ka so ba.

Ka gaida Anti Nasiha, ita ba ta yi mini komai ba.

Ƙanwarka,
Mas'uda

Birnin Kudu
12 ga Janairu, 2025

Malama Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya ƙara wa Sharifa lafiya. Nasiha ta amsa, ta ce in tambaye ki ko ni ma a gaishe ni, tunda ke kin tsallake.

Dogara ya miƙo mini takardarki a gaban masu cajin waya, ya ce daga nauyinta ya san faɗa ne. Na karanta sau biyu, kuma ni ma raina ya ɓaci, don haka ki saurara.

Kin ce na ɗora a asusuna. Haka ne. Asusunki mutum nawa ke bi? Da na ɗora a can, da ke da Barira da Zahara'u ne za ku karanta, ku yaba wa juna, a tashi. Nawa shekara biyu nake gina shi, ina ƙona mai a janareto, ina sayen data, ina amsa wa mutanen da ko sunan Jigawa ba su taɓa ji ba. Kuma kin manta ba da Hausa kawai ya fita ba. Ni na mayar da shi Turanci, na yi yini guda ina neman yadda ake cewa darbejiya. Giwar da kike magana a kai ba ta jin Hausa. Aikina ta karanta.

Maganar awa ta farko kuwa, doka ce da muka yi tun bara, kina cikin zauren ƙungiya lokacin, kika turo hoton babban yatsa. Ƙuri'ar farko ita ke ɗaga rubutu sama har manya su gani. Ban ƙirƙiro ta don in cuci matan Kwandiko ba.

Sannan ki tuna ma'anar sunan da muka sa. A gayya, mutane su zo su yi wa mai gona noma, ya ba su fura, su tafi. Amfanin gona na mai gona ne. Gonar da aka shuka rubutun nan tawa ce, da na so da na riƙe duka, ba dokar dandalin da za ta kama ni. Amma na ba ki rabi cur, kuma rabin da ya fi. Ke 'yar manoma ce, in tambaye ki, wa ya fi arziki tsakanin mai kuɗi a aljihu da mai rumbu cike? Yanzu ƙuri'arki ta fi ta kowa nauyi a Gayya in banda tawa. Maimakon godiya sai toshe lamba.

Abu ɗaya kuma da na lura. Takardarki cike take da aikina, sunana, ni na yi, ni na hau. Inna Kulu sau ɗaya ta fito, ita ma a matsayin mai tsakar gida. Ban ga inda kika ce a ba ta komai ba. Ban ce komai ba, na dai lura.

Tunda kin yi barazanar kai maganar wani wuri, na riga ki. Yau na rubuta a zauren ƙungiya yadda aka yi rabon, kowa da abin da ya samu, na rufe da cewa rabon Mas'uda shi ya fi na kowa, kuma yana rumbu. Kowa ya gani, ba ɓoye-ɓoye.

Ki gaida maigidanki Malam Abdulsamad. Ki buɗe lambar nan, kuɗin Dogara ya fi na kati.

Yayanki,
Badamasi

Kwandiko
21 ga Janairu, 2025

Yaya Badamasi,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba ya kwance, kuma kai ne sanadi.

Ka san abin da layinka ɗaya ya jawo? "Rabon Mas'uda shi ya fi na kowa, kuma yana rumbu." Barira ta karanta wa mahaifiyarta a tsakar gida. Ita Barira ta san rumbun da kake nufi. Mahaifiyarta rumbu ɗaya ta sani a duniya, na ƙasa mai hular ciyawa. Kafin la'asar magana ta zaga gidaje cewa na sayar wa Turawa maganar Inna Kulu, an biya ni, na sayi dawa na cika rumbu.

Kuma ka ga yadda abin ya zo daidai. Bana ne Baban Sharifa ya gina sabon rumbu a bayan ɗakina, don gonar fadama ta yi kyau, ya cika shi ya liƙe bakin da laka. Yanzu duk matar da ta shigo gidanmu, ko aron rariya ta zo, sai ta gaishe ni idonta yana kan rumbun. Wata har ta ce, "Malama, Allah ya sa albarka, ashe boko yana cika rumbu."

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce rumbun a cikin waya yake. Suka ce to a nuna musu. Na hau tudu da Zahara'u da mata uku, na buɗe, na nuna musu lambar. Ɗaya ta ce, "To ciro mu gani." Na ce ba ya ciruwa. Yaya, da ka ga kallon da suka yi wa juna, da ba ka sake yi mini wa'azin mai rumbu da mai aljihu ba. Ita kanta Zahara'u da ta san gaskiya ba ta tsaya mini da ƙarfi ba, don ita ma tana jin haushi, ta jefa ƙuri'arta a makare ta tashi ba ko sisi.

Shekara tara ina koyar da 'ya'yan garin nan. Mata suna ba ni ajiyar kuɗin adashi ba tare da shaida ba. Jiya uwar adashinmu ta aiko a karɓi jakar, wai za ta hutar da ni. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Inna Kulu ba ta ce mini komai ba. Na je gaishe ta, ta amsa, ta ci gaba da tsince wakenta. Ka san ta ba mai yawan shiru ba ce.

Maganar da ka yi cewa ban ambaci rabonta ba, na ji. Ta yi mini zafi, don gaskiya ce, a zuciyata na ce in na samu zan kai mata sabulu da goro, iyakar tunanina ke nan. Amma kai kada ka fake da wannan. Na sa Barira ta duba mini Turancin naka. Ina ka sa sunan Inna? Ka rubuta wai wata tsohuwa ce a wani ƙauye. Ni na rage mata lada, kai ka cire mata suna, sannan kake kiran kanka mai gona. Gonar wa? Ka taɓa zuba toka a tulu?

Ba na son rumbunka. Ban roƙe ka ba, ba ka tambaye ni ba, ka ɗora mini abin da ba zan iya nuna wa kowa ba, ka kwashe wanda ake gani. Abin da nake so yanzu ba ma kuɗin ba ne, sunana nake so ya dawo yadda yake a garin nan. Ka san yadda za ka yi.

Mas'uda

Birnin Kudu
24 ga Janairu, 2025

Mas'uda,

Salam. Muna lafiya. Na ga takardarki, wallahi ban ji daɗi ba. Dogara yana tsaye a kaina yana danna hon, mota ta cika, don haka a taƙaice.

Tunda ba kya son rumbun, na fasa shi. Yau da safe na shiga da makullinki na yi. Cikakken bayani yana zuwa a wata takardar gobe, in sha Allahu. Ki yi haƙuri ki jira.

Badamasi

Kwandiko
6 ga Fabrairu, 2025

Badamasi,

Sallama irin ta addinin Musulunci, don ita wajibi ce. Lafiyarmu ƙalau.

Yau kwana goma sha uku ina jiran takardar goben taka. Ba ta zo ba, kuma na daina jira. Layin da ka rubuto ma ya isa. Na ce ba na son rumbu, ka ce to ka fasa. Wato ɗan abin da ka ba ni ma ka janye, kuma da makullin da na ba ka amana ka shiga ka yi. Ban ko hau tudu na duba ba, don ba na son in ga asusuna wayam in yi kuka a gaban 'yan makaranta. Ashe haka ake rabo a Gayyarku, wanda ya yi ƙorafi a karɓe nasa.

To bari ka ji abin da jiranka ya jawo. Ranar Asabar maganar ta kai majalisar maza, wani ya tambayi Baban Sharifa ko nawa ake sayar da dami a wajen Turawa. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Washegari na roƙe shi abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, na ce ya buɗe rumbun a gaban mata. Ka san mu nan ba a taɓa rumbu kafin bazara ta yi nisa, wanda ya buɗe da wuri kowa ya san yunwa ta shiga gidansa. Ya tashi ya ɗauko tsani.

Mata sun fi ashirin a tsakar gidanmu. Ya kankare lakar da hannunsa, ya riƙa miƙo dami ana ajiyewa a ƙasa. Kowa ya ga ɗaurin gonarmu ne, da irin igiyar da yake ɗauri da ita. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai na ji wata daga baya tana cewa ai dami ana saye a sake ɗaure shi.

Inna Kulu tana wurin, a kan tabarma. Ta miƙa hannu ta zari zangarniya ɗaya, ta juya ta, ta kai kusa da ido, ta sa a bakin zane, ta tashi ta tafi.  Na san shaida ta ɗauka, ban dai san wa za ta kai wa ba.

An mayar da damin a gaggauce, an rufe da tsohuwar tabarma. Mijina ya tona cikin gidansa saboda ni, ni kuma saboda kai, kuma ba abin da ya wanke.

Na fita daga Gayya. Barira da Zahara'u sun ce su ma sun bar jefa ƙuri'a, ku 'yan awa ta farko ku yi ta jefa wa juna. Ka canza mini makullina ka aiko da shi a rufe, ko babu komai a ciki nawa ne. Sunan jaririn da Anti Nasiha ke ɗauke da shi, in Allah ya sauke ta lafiya, zan aiko da barka, amma kada a sa rai da ƙafata.

Mas'uda Abu

Birnin Kudu
9 ga Fabrairu, 2025

Ƙanwata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Nasiha tana fama da nauyin jiki amma da sauƙi. Ta karanta takardarki kafin ni, kuma tun jiya ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

Inna lillahi. Mas'uda, fasa shi na yi, irin fasa tulu, ba irin fasa tafiya ba. Na buɗe shi ne don sulallan su fito ki samu abin nunawa. Haka muke cewa a nan shago kullum, wane ya fasa rumbu, ban taɓa kawo wa raina za a karanta shi ta ɗaya hanyar ba. Dandalin ba ya sakin abin da ke rumbu gaba ɗaya, kashi goma sha uku yake yi, kowane mako ɗaya. Biyu sun riga sun faɗo aljihunki. Da kin hau tudun nan sau ɗaya, da kin gani.

Duk wannan na rubuta a takardar da na yi alkawari, na kuma ba Dogara washegari. Jiya na tsare shi a tasha, muka tarar da ita a aljihun ƙofar mota, ƙarƙashin tsumman goge gilashi. Na yi masa faɗan da har 'yan kamasho suka shiga tsakani. Amma ina dawowa Nasiha ta ce Dogara takarda ɗaya ya ɓatar, sauran ɓarnar ta wa ce?

Ta yi gaskiya. Na shiga asusunki ban tambaye ki ba, sau biyu ke nan, ranar da na zuba da ranar da na fasa. Dokar awa ta farko kuma, na zauna na duba, tun da aka yi ta ba mutumin Gwaram da ya taɓa cin ta. Ni na ce miki ba don cuta aka yi ta ba, amma ta yi cutar, kuma ina gani na yi shiru don 'yan shagona ke amfana. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Malam Abdulsamad a kan tsani. Ki ba shi haƙuri kafin in zo in ba shi da bakina.

Har yanzu ina nan a kan cewa Turancina aiki ne, kuma asusuna ne ya kai rubutun gaban giwa. Ba zan janye wannan ba ko kin toshe ni shekara. Amma gonar ba tawa ba ce.

Ga sabon makullinki a ƙaramar ambulan, ni ma ban riƙe kwafi ba. Ga kuma kason da na ɗauka daga aljihu, na canza shi naira, yana hannun Dogara, na ce masa in ya manta da wannan a ƙofar mota ya nemi wata hanyar ya riƙa bi. Kada ki karɓa ke kaɗai. Takarda ta biyu ta Inna Kulu ce, na yi bayanin rumbun waya da Hausar da kowa zai gane. A tara matan da suka taru ranar, Barira ta karanta, a ajiye kuɗin a gaban Inna, ita ta faɗi yadda za a raba. Abin da ta yanke shi zan kai zauren Gayya.

Yayanki, ko kin so ko kin ƙi,
Badamasi

Kwandiko
17 ga Fabrairu, 2025

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan Anti Nasiha ta ƙara samun sauƙi. Ka ce mata na gode, ita ce mai hankalin gidan.

Saƙo ya iso cif. Na hau tudu, na ga kashi uku sun faɗo. Na ji kunyar karatun da na yi wa layinka, amma kaɗan, don malamin da ya yini yana neman darbejiya a Turanci ya kamata ya san fasa biyu ce a Hausa.

An taru ranar Juma'a da la'asar a gidanmu. Barira ta karanta takardarka tsaf. Kada ka ji haushi, ba ta yi aikin da ka zata ba. Matan sun saurara, sun kalli kuɗin, sai uwar adashi ta ce ai ɗan'uwanta ne, dole ya rufa mata asiri. Na ce a raina shi ke nan, haka zan ƙare a garin nan.

Sai Inna Kulu ta kwance bakin zanenta, ta fito da zangarniyar nan da ta ɗauka. Ta ce a ba ta faranti. Ta buga ta sau biyu, sai ga ƙwari baƙaƙe suna yawo a kan farantin, ga garin dawa yana zuba. Ta ce ta duba damin ranar da aka buɗe rumbun, ko ganyen darbejiya ɗaya ba ta gani ba.

Ta ce, "Yarinyar nan kwana uku ta yi a gidana tana sa ni surutu. Ta gaya wa Turawa yadda ake adana hatsi, nata kuma ga shi ƙwaro yana ci. Ko maganata ba ta ɗauka ba, balle kuɗina. Ni abin da ya hana ni yi mata magana ke nan, ku kuma kuna ta shirme."

Yaya, aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Ni ina tsaye ban san ko in yi kuka ko in shige ɗaki ba. Amma ina ji a jikina abin ya sauka. Uwar adashi da kanta ta ce, "Malama, wannan kam sakarci ne, ba sata ba." Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Jiya ta dawo mini da jakar adashin.

Ga hukuncin Inna, ka kai zaure. Ta sa an faɗa mata abin da kowa ya yi. Ta ce kashi uku ne daidai, mai magana, mai ɗauka da tsarawa, da mai kai wa kasuwa, wato ta yarda da Turancinka, sai ka huta. Kowane kashi a ciri kaɗan a yi wa 'yan gayya fura, kuma duk wanda ya zo gona ya sha, ko da rana ta take ya iso. Da aka yi mata bayanin aljihu da rumbu, ta ce wane irin rabo ne wani ya kwashi tsaba wani a bar shi da kulle? Kowa a ba shi daga nan a ba shi daga can. Kasonka yana hannun Dogara. Na rumbu kuma duk mako zan turo maka naka da na 'yan gayya. In an soke awa ta farko, ni da Barira da Zahara'u mun dawo.

Ranar Asabar matan nan da suka zo kallon rumbuna su suka dawo da kwandunan ganye. Aka fito da damin duka, aka shanya, aka shimfiɗa darbejiya yadda Inna ta ce, tana zaune tana yi mana tsawa. Baban Sharifa ya sake liƙe bakin da laka. Ya ce in gaya maka ya haƙura, amma dami huɗu ƙwaro ya lalata, kuma wannan ba laifinka ba ne, ya san mai shi.

Na buɗe lambarka. Kafin ka kira, ka shiga rubutun nan ka gyara, Hausa da Turanci. Inna ta sa Barira ta fassara mata abin da ka kira ta, ta ce in gaya maka garin sunansa Kwandiko, ita kuma Kulu 'yar Barau, kuma ba ta tsufa ba.

Sai mun zo suna.

Ƙanwarka,
Mas'uda